Kan Wayar Firintar Ofishinmu

Ban daɗe da fita takaba ba na koma aiki, a wani ƙaramin ofishin gwamnati cikin GRA. A lokacin soja na shirin miƙa mulki ga farar hula, takardu kuwa sai ka ce ruwan sama. Mu biyu ne a ɗakin buga takardu, ni da wata 'yar Filato matar soja, wadda kowa ke kira Maman 'Yan Biyu. Ta girme ni, don haka Yaya nake ce mata.

Kwamfuta ɗaya gare mu da firinta ɗaya, irin mai ƙarar nan kamar injin markaɗe. Abin da ya haɗa su wata waya ce mai kauri, kanta faffaɗa, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo kamar harafin D, da 'yan allurai jere layi biyu a ciki. Ta fuska ɗaya kawai yake shiga bayan kwamfuta. Asalinsa yana da kusoshi biyu da ake murɗawa su riƙe shi, amma na wayarmu sun ɓace tun kafin in dawo. Da firintar ta fara aiki sai teburin ya ɗauki rawa, kan wayar ya zame, ita kuma ta shiga zuba wani rubutu da ko aljani ba ya iya karantawa.

Shi ya sa in za a buga abu mai yawa, dole mutum ya zauna a tabarma bayan teburin, ya danne kan wayar da babban yatsa har a gama. Ni ce mai dannewa. Yaya kan jawo kujera gefena tana gyara wa firintar takarda, kanta dab da nawa.

A gida, can Ƙofar Durbi, ba ni da wurin kuka. Uwar mijina tana da hawan jini, da ta ga idona ya yi ja sai nata ciwon ya tashi. Yara kuma fuskata suke kallo. Kowa cewa yake, "Sai haƙuri," ni ma in ce haƙuri ya zama dole, in shige ɗaki in haɗiye. Wata rana, a satin farko da na dawo, ina danne da kan wayar nan, ƙarar ta cika ɗakin, kawai na ji hawaye sun ɓalle. Na so in goge, amma in na saki wayar aiki ya lalace. Yaya ta dube ni, ta sa bakin zanenta ta share mini fuska, ta ce, "Yi abinki, ƙanwata. Wa zai ji ki a wannan ihun?"

Tun daga ranar, bayan teburin nan ya zama wurina. Nan nake ba ta labarin marigayi, yadda yake rainon tattabaru, yadda ba ya cin tuwo sai da man shanu. Ita kuma ta yi ta tsokanata, wai Hausarmu ta Katsinawa sai an tauna kafin a haɗiye. In ce ai gara tamu, ke da kike ce wa mace "ya zo". Wani lokaci dariya ce ke sa yatsana ya zame, mu yi asarar takarda, mu sake daga farko.

Duk da haka ban fasa mita ba, don ni ba na iya ganin abu a karkace in yi shiru. Yatsana har ya yi kanta. Nakan ce, "Haba Yaya, gwamnati guda ta rasa waya ɗaya? Kin kuwa je wajen mai sito?" Ita ce babba, ita ke karɓo kaya. Kullum amsarta ɗaya: "Na je, ba a kawo ba." In yi tsaki in zagi mai sito, bawan Allah, har da cewa da ganin tumbinsa ya san inda wayar ta shiga.

Ranar da aka rantsar da gwamnan farar hula gari ya cika da murna, ni ma na yi. Ban kawo a raina cewa in soja sun tattara, da Yaya za su tattara ba. Ba a jima ba aka yi wa mijinta canjin wurin aiki zuwa kudu. Da ta faɗa mini, cewa na yi, "To wa zai gyara mini takarda?" Abin da bakina ya iya ke nan. Ta gane sauran.

Na raka ta tasha da ƙullin kuka da daddawa da na sayo a Babbar Kasuwa. Lokacin ba wayar hannu, ita kuma ba ta san barikin da za a sauke su ba. Ta ce in ta zauna za ta aiko. Mota na tashi ta miƙo mini mabuɗin durowarta ta taga, ta ce, "Kayan ciki naki ne."

Washegari na buɗe. Akwai rabin kwalin shayi, da cokalinta, da allurar ɗinki. Can ƙarshe kuma sabuwar waya ce a cikin ledarta, kusoshinta biyu cif, ledar har ta yi ƙura. Na kai wa mai sito ina tambaya, ya ce, "Hajiya, ai tun satin da kika dawo daga takaba Maman 'Yan Biyu ta karɓe ta."

Na koma na ɗaura ta, na murɗa kusoshin, na tura aiki. Firintar ta buga tsaf, ba ta nemi yatsan kowa ba. Ina zaune a kujera kamar mutuniyar kirki, ƙarar ta cika ɗakin, sai na tashi na zagaya bayan teburin na zauna a tabarma.

Saƙon Yaya bai taɓa zuwa ba, ban kuma san ko tana raye ba. Wallahi ina kewarta. Tsohuwar wayar tana cikin akwatina, jikokina sun ɗauka ta wani tsohon rediyo ce.