Tukunyata a Fadamar Lafani

Ni da hayaƙin icce ba mu taɓa shiri ba. Tun ina budurwa, in na hura wuta sau biyu sai ƙirjina ya kama kuka, numfashi ya riƙa fita da ƙyar. Bayan haihuwata ta uku abin ya yi tsanani har aka kwantar da ni a asibiti. Ma'aikaciyar da ta sallame ni ba ta yi wani kwana-kwana ba, ta dubi maigidana ta ce in matarsa ta ci gaba da zama gaban murhu, to ya shirya zuwa asibiti kamar mai zuwa kasuwa. Yana tsaye ya ji da kunnensa, har ya gyaɗa kai.

Innata ce ta ɗauki maganar da zafi, don ita hayaƙi ya riga ya gama da idanunta. Ta sayar da tunkiyarta, ta sa aka sayo mini tukunyar gas daga Ƙonni. Ranar da aka kawo ta na yagi tsumman atamfa ja na ƙulla mata a hannu, saboda wajen cikawa tukwane duk kamarsu ɗaya, ana musanya wa mutum tasa da wata tsohuwa. Shekara uku ina girki ba tari, ba hawaye. Na yi ƙiba, na yi haske, har 'yan'uwana suna tsokanata wai na zama Hajiya ban je Makka ba.

Sai abubuwa suka juya. Maigidana albasa yake kaiwa ƙetare ya sayar, da aka rufe iyaka fataucin ya tsaya cak, ya koma fadamar gadonsu da ke Lafani ya dasa tasa albasar, da ɗan tsohon injin ban ruwa. A lokacin kuma fetur ya riga ya tashi, kome ya bi shi a guje. Mai niƙa ya ƙara, ɗan garuwa ya ƙara, mai babur kafin ka hau sai ya faɗa maka sabon kuɗi don kada a yi rigima a hanya. Gas ma bai zauna ba. Na daina cika tukunya, sai dai a zuba rabi. Na koyi jiƙa wake tun da safe don kada ya ci mini wuta, na koma girki sau ɗaya a ɗumama, ruwan zafi in na dafa sai filas. Na zama marowaciyar wuta, wadda ko ashana aka ƙyasta sai ta tambayi dalili. Duk da haka ban yi ƙorafi ba, don ina ganin yadda maigidana yake dawowa daga gona fuska a murtuke, yana cewa injin nan shan fetur yake kamar da gayya.

Wata safiya gas ya ƙare ina tsakiyar dama koko. Maigidana ya ɗaura tukunyar a bayan babur ya fita, da azahar ya dawo hannu rabbana. Ya zauna bakin ƙofa ya cire hula, ya ce, "Ki gode Allah. Mai gas ya ce tukunyakki yoyo takai. Ya ce da an ƙara kwana biyu, da gidanga ya tashi da mu. Na bar ta wurin mai gyara."

Na dubi 'ya'yana suna wasa a tsakar gida, na dubi madafa, hawaye suka zubo mini. Na yi masa godiya, na yi masa addu'a. Washegari na soya ƙosai na raba gida-gida sadaka, saboda Allah Ya tsare mu daga gobara. Duk maƙwabciyar da ta leƙo sai na zaunar da ita na ba ta labari, har ina yi musu gargaɗi su riƙa shinshina tukwanensu. Wasu suka ce Allah Ya ƙara tsarewa suna kallon ƙasa. Na ɗauka tsoro ne ya kama su.

Na koma murhu. Icce ma ya yi tsada, tunda duk wanda gas ya kora nan ya dawo, sai na haɗa da kara da duk abin da zai ci wuta. Ba a yi mako ba ƙirjin ya dawo da kukansa. In na sauke tukunya sai na jingina da bango ina neman numfashi, abincin da na dafa ba na iya ci. Maigidana yana ji. Yakan ce sannu, ya sayo mini maganin tari a kwalba. In na tambayi tukunya ya ce kayan gyara ba su iso daga Sakkwato ba. Da na matsa, wata rana ya ce, "To ko an gyara, da mi za mu cika ta? Kin san yadda gas yak koma?" Har na ji kunyar tambaya.

Kusan wata biyu muna haka. Akwai wata Bafillatana da ke kawo mini nono duk ranar kasuwa, rugarsu na can bayan Lafani, mun daɗe tare har mun zama ƙawaye. Ta shigo ta same ni duƙe ina fama da ɗanyen icce, idanu jawur. Ta sauke ƙwarya ta ce, "Kai ƙawa, ke kam kina da haƙuri. Kin ba albasa wutarki, ke kin koma hayaƙi."

Na ce, "Mi kika nuhi?"

Ta ce, "Tukunyarki mana, mai jan ƙyalle. Kullum nan nake wuce ta. Maigidanki ai ya yi dabara, injinsa ya bar shan fetur, gas yake sha. Mutane har daga Garu suna zuwa kallo."

Yabo take yi, ita a ganinta ni na bayar. Na ce mata haka ne. Na auni nonon, na sallame ta da fara'a, ban san ma me na ce ba. Da ta fita sai na zauna dirshan a ƙasa. Ba tukunyar ce ta fara zuwa mini a rai ba, ƙosan nan ne. Matan da na bi gida-gida da faranti, mazansu duk 'yan fadama ne. Sun karɓa, sun ci, sun yi mini barka, alhali sun san inda tukunyar take. Wata irin kunya ta rufe ni, daga bayanta kuma baƙin ciki ya taso.

Ban ce masa kome ba ranar. Ina so in gani da idona, don kada ya sake samun wata magana ya ba ni in haɗiye. Da safe bayan ya fita na saka hijabi na tari babur, na biya abin da mai babur ya yanka ban ko taya ba.

Tun daga nesa na ji ƙarar injin. Albasa ta yi kore shar, ruwa na bin fangali-fangali, gwanin sha'awa, ba zan yi ƙarya ba. A bakin rijiya ga tukunyata zaune, jan tsummana na hannunta, an jona mata roba zuwa injin. An kafa mata 'yar rumfar zana don kada rana ta dake ta, an kuma lulluɓa mata jiƙaƙƙen buhu. Wato ita an san tana bukatar kulawa. Na tsaya ina kallon rumfar nan, ƙirjina na kuka saboda 'yar tafiyar da na yi daga bakin hanya.

Maigidana ya ɗago daga cikin fangali da fartanya a hannu, ya gan ni. Akwai manoma biyu a gefe, suna ganina suka tuna suna da aiki a wani wuri. Ya zo yana goge hannu a riga.

Ya ce, "Wa yak kawo ki nan?"

Na ce, "Na zo gaida mai gyara. Ashe yoyon ya tsaya."

Ya ce fetur ya fi ƙarfinsa, da bai yi haka ba da albasar ta ƙone, kuma albasar nan ita ce abincinmu na shekara, ita ce suturar yara. Ya ce gas ɗin da zan yi wata ina girki da shi, shi kwana kaɗan yake yi masa, amma duk da haka ya fi fetur sauƙi. Duk gaskiya ce, ban musa ko ɗaya ba. Sai ya ƙara da cewa, "Da na tambaye ki, ai ba ki ba ni."

Nan ne na ji abin ya soke ni. Na ce, "Malam, wallahi da ka tambaya da na ba ka. Da ni da kaina zan ɗaura maka ita ga babur. In tari na, in yi shi ina sane da abin da nika yi ma. Amma kas sa ni godiya. Kas sa ni sadaka."

Makunnin tukunyar yana nan kusa da hannuna, murɗawa ɗaya injin zai mutu. Na dube shi, na dubi albasar, na ja hannuna na mayar cikin hijabi. Shekara goma sha ɗaya muna tare, na jure babu da shi, na jure rufe iyaka, amma mutumin nan bai san zan iya ba shi abu don ya roƙa ba. Ya gwammace ya ji tarina kullum a kan ya buɗe baki ya ce ki taimaka mini. Na juya na kama hanya. Ya biyo ni yana cewa bari ya kai ni, na ce injin na jiransa.

Ban yi yaji ba, ban kai ƙara gida ba. Innata har yau ba ta sani ba, don in ta ji tunkiyarta ta tafi ban ruwa ba za ta yafe masa ba. Na ci gaba da murhu har aka cire albasa, sau ɗaya aka sake kai ni asibiti a tsakani. Albasar ta yi kyau, ta kuma yi kuɗi. Ya sayi tasa tukunyar ta injin, ya dawo mini da tawa a wanke tas, cike har baki, ya haɗo da turmin atamfa. Na karɓa na ce an gode. Ya tsaya yana jiran in ƙara wani abu, ban ƙara ba.

Ranar kasuwa da ta biyo na shiga rumfar maƙera na sayi sarƙa da kwaɗo. Na zagaya sarƙar a hannun tukunyar na ɗaure ta da ƙarfen tagar madafa, makullin na ƙulle a bakin zanena. Gidanmu ba a taɓa shiga sata ba, duk unguwa an san haka. Da ya dawo ya leƙa madafa neman ruwa, idonsa ya sauka kan sarƙar. Ya daɗe tsaye yana kallonta. Bai tambaye ni don wa na saka ba.