Baba Manu da bokitin da na ɓoye

Ina ɗaura jakar delivery a kan keke da safen nan Anti Rabi ta kira ni daga Amurka. Mahaifinta, Baba Manu, ya rasu. Na Allah ne mu, can kuma za mu koma.

Wallahi ba kuka ne ya fara zo min ba. Tsoro ne. Na ce shi ke nan, tsohon nan ya tafi bai yafe min ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, masunci ne mutumin Yawuri, ya daɗe a Deptford, unguwar da nake zaune a nan ƙasar Turawa. Ba mu haɗa jini ba. A masallaci na gan shi na ce daga yau kai ne kakana, ina neman wanda zan riƙa tsokana. Ya dube ni ya ce, "To ja'iri, Allah ya ba ni haƙuri." Sunana ke nan a bakinsa.

Shi ya ba ni rigar sanyi ta farko a garin nan. Hannunta ya rufe min yatsu, ya ce in ci abinci zan cika ta.

Shi yake karanta min wasiƙun council, wato hukumar unguwa, tunda ni a allo na tsaya, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba.

Akwai ɗan kogi da ya bi ta Deptford, an tare shi da bangon siminti. Wasu kifaye masu kama da maciji suna tasowa daga teku tun suna sirara kamar igiyar takalmi, sai bangon ya hana su hawa. Turawa na ce musu eel, shi kuma gaiwar Turawa. An ce sun kusa ƙarewa. Baba da wasu 'yan sa kai kan kwashe su a bokiti, su auna, su tsallakar da su sama.

Na ce, "Kaka, masunci yana mayar da kifi ruwa? Mutanen Yawuri sun ji labari?"

Ya ce, "Na ga yadda dam ya sauya kifin garinmu. Rabin rayuwata ina fitar da su, bar ni in mayar da wasu."

Wata Asabar a Satumba ya juya yana magana da wata Baturiya, na ɗauke bokitin na ɓoye bayan bango, na miƙa masa kwanon farfesun kifin da na taho da shi daga gida, kamar su na dafa. Na ce, "Na rage maka aiki, yaji ne dai ya ɗan yi yawa." Na yi dariya har na zauna a ƙasa.

Ban san murfin bokitin ba ado ba ne. A buɗe na bar bokitin. Kafin mu zagaya, zalɓe na tsaye a kai yana haɗiya. 'Yan kaɗan suka rage.

Bai zage ni ba. Ya saki ragowar a ruwa, ya wanke hannu, ya ce, "Sannu, Malam Nura."

Malam Nura! Da ma mari ya yi min. Tun daga ranar bai sake ce min ja'iri ba.

Ganinmu na ƙarshe a Disamba ne, na ɗaukar masa akwati zuwa tashar jirgin ƙasa, zai tafi wurin 'yarsa a Amurka. Anti Rabi ta sha turo masa bidiyon mikiyoyi masu farin kai da ke taruwa da hunturu a gindin wani dam kusa da ita, inda ruwa ba ya daskarewa, suna kama kifi. Ya ce kamar waɗanda ya bari a bakin kogin garinsu, sai ya gani da idonsa. Duk hanya ina shirya "ka yafe min" a baki. Da jirgi ya tsaya, abin da ya fito shi ne, "Kaka, rufe furfurar nan, kar su ɗauka ɗan'uwansu ne ya zo." Ya ce, "Na gode, Malam Nura." Ƙofa ta rufe.

Wannan nake ta ji a kunnena yau, har Anti Rabi ta ce, "Nura, kar ka kashe, akwai saƙonka." Shekaranjiya ta kai shi bakin dam ɗin, ya sa ta yi masa recording, ya ce ta turo min, hidima ta mantar da ita.

Nan take ta turo, na danna. Iska na ta kaɗawa, sai muryarsa:

"Ja'iri! Ga su nan, na gan su. Yanzu wata ta sauko ta ɗauke kifi a gabana, ko sallama babu, sai na tuna ka. Zalɓe rabonsa ya ci. Na yafe maka tun ranar, so nake ka ɗan ji a jikinka. Bokiti na bayan ƙofar kicin. In sanyi ya wuce ka je. Da murfi, ja'iri."

Na zauna a bakin titi ina kuka ina dariya, har wani direban bus ya leƙo ya tambaye ni ko lafiya. Lafiya lau. Rabon da in yi numfashi haka tun Satumba.

Anti Rabi ta ce bai sha wahala ba, yana zaune da carbinsa a hannu.

Ya Allah, bawanka ya yafe wa wanda bai ma iya buɗe baki ya roƙa ba. Ka yafe masa, ka haskaka kabarinsa, ka saukar da shi inda ƙoramu ke gudana ba abin da ya tare su. Ka ba Anti Rabi da 'yan'uwanta haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta, ya yi masa Ƙulhuwallahu ko ƙafa uku ne. Kuma wanda ke da sarari ranar Asabar a watan Afrilu, lokacin tasowar kifayen, ya same ni a Deptford. Ni zan riƙe murfin.