Jarrabawa a Gindin Zaitun

Duk garin nan da ke kan tudun Galili babu wanda zai rantse ya taɓa ganin Malama Rasmiyya zaune a aji. Shekara ashirin da bakwai tana koyar da Turanci a sakandaren garin, kujerarta jaka kawai take ɗauka. Mijinta Abu Nizar, mai shimfiɗa tayil, yakan ce ko sallah don dai akwai zaman tahiya ne, da a tsaye za ta sallame.

'Yar direban bas ce. A Nazarat ta koyi Turanci, ta dawo gida tana cusa wa 'ya'yan manoma harshe na uku, bayan Larabci da Ibrananci. Abu ɗaya aka san ta da shi: ba ta ƙara wa kowa maki. Ɗanta Nizar ya taɓa samun hamsin da tara a hannunta, saura ɗaya ya haye, ta bar shi ya faɗi, ta koma gida ta dafa masa maƙluba.

A shekarar da aka kawo sabon tsarin bagrut, jarrabawar fita sakandare, sai rashin zaman nata ya zama ciwo. A da yaro takarda ɗaya yake zaunawa ya huta. Yanzu an yanka Turanci gunduwa-gunduwa har kashi bakwai. Ƙaramin mataki kashi na ɗaya zuwa na uku, matsakaici na uku zuwa na biyar, babba na biyar zuwa na bakwai, ana rubutawa da hunturu, a sake da bazara. Malaman Turanci suka yi ta ƙorafi a taron gunduma: yaushe za a koyar in kullum ana shirin jarrabawa, wa zai duba tulin takardun, ina aka kai gajerun labaran da yara ke so. Aka saurare su, aka ba su gahawa da biskit, kowa ya kama hanyar garinsu.

Rasmiyya ba tulin takardu ne ya dame ta ba. Rabon yaran ne. Shugaban makaranta, Ustaz Fu'ad, wanda ita ta koya masa riƙe ƙamus yana ɗan aji tara, ya sa gwajin tantancewa a makon kaɗar zaitun. Mutumin da aka haifa a garin nan! Ya manta cewa a wannan mako duk gidan da ke da bishiya ba ya barin mai hannu biyu a gida. Yara tara ba su zo ba, aka zuba sunayensu a ƙaramin mataki. Cikinsu har da Hiyam, wadda tun tana aji bakwai take cewa aikin jinya za ta yi, alhali makarantar da take hari ba ta duban wanda bai kai matsakaici ba.

Ranar Alhamis jerin sunaye zai tafi ofishin gunduma, kuma ba ya tafiya sai da sa hannun shugabar sashen Turanci, wato ita Rasmiyya. Ranar Litinin ta shiga ofishin Ustaz Fu'ad ba sallama. Ya miƙa mata kujera, ta ƙi. Ya yi mata bayani a tsanake cewa daɗin sabon tsarin ke nan, tsani ne, yarinya ta fara daga ƙasa, in ta gama makaranta ta dawo ta ƙara kashi biyu.

"Ta dawo daga ina, Fu'ad? Daga kamfanin ɗinki? Ƙirga mini 'yan matan da motar kamfani ta ɗauka da asuba suka dawo neman ƙamus."

"Malama, in sun faɗi a matsakaici, sunan makaranta ne zai sauka."

"Da na bi sunan makaranta, da kai kanka kana can kana tallar kankana a bakin titi."

Ya yi dariyar yaƙe, ya ce ba shi da ɗaki ko lokacin sake gwaji kafin Alhamis, yaran ma ba sa gari.

Ta koma gida kamar kaza mai neman wurin yin ƙwai. Ta ɗora gahawa ta manta har ta ƙone. Ta share tsakar gidan da ta share da safe. Abu Nizar ya ce in tana neman aiki akwai buhun siminti a mota. Ta ce dai gobe shi zai kai ta gona.

Talata da hantsi motarsa ta hau tudu da ita, rakoda a cinya, takardu a jaka. Ta bi gonaki huɗu tana sauko da yara daga kan tsani. Baban Hiyam, Abu Salim, ya ce mata Umm Nizar, ruwa na tafe, in ya sauka zaitun ya lalace, Turanci kuwa ba ya ruɓewa. Ta ce ya ba ta awa biyu, mijinta zai hau tsani a madadin 'yarsa. Abu Nizar ya dube ta, ya dubi tsanin, ya tuɓe takalmi yana cewa shi dai auren malama bai ƙare shi da komai ba sai ciwon baya.

Yara tara suka zauna kan tamfol a gindin bishiya, kowa da akwatin zaitun a matsayin tebur. Ta kunna kaset ɗin saurare, muryar Baturiya tana tambayar hanyar tashar jirgi, sanduna na ta bugun rassa a gefe. Ta yi ta zagaya su, ganye na ƙara a ƙarƙashin takalminta.

A cikin mota ta duba takardun. Sittin ne makin hayewa. Shida sun haye. Biyu sun faɗi warwas, ba ta ji komai ba, ƙaramin matakin ne daidai da su. Hiyam ta samu hamsin da takwas. Rasmiyya ta sake ƙirgawa sau uku, ta nemi inda ta zalunce ta, ba ta samu ba. Jan biro na hannunta, maki biyu kacal, babu mai gani sai Allah da Abu Nizar. Shi kuwa ya kau da kai yana kallon titi. Ta rufe biron.

Laraba ta zube wa shugaban makaranta takardun a tebur, duk tabon mai da ƙasa. Ustaz Fu'ad ya yarda da shidan ba musu. Da ya zo kan ta Hiyam sai ya ɗaga kai.

"Ke da hannunki kika rubuta hamsin da takwas."

"Ni na rubuta. Yarinyar da ta kwana biyar tana kaɗar zaitun ta samu hamsin da takwas a kan akwati. Sa ta a matsakaici, ko ka aika takardarka ba hannuna."

Ya daɗe yana juya biro. Daga ƙarshe ya ce zai sa ta, amma in ta faɗi da hunturu, baɗi Malama za ta sauka daga shugabancin sashe, ta koma koyar da 'yan aji bakwai. Ta ce ai can ta tsinto Hiyam ɗin, ta sunkuya ta sa hannu a tsaye.

Daga ranar, kullum bayan tashi daga makaranta Hiyam na gidan Malama, tana karatu a teburin kicin, Rasmiyya na kai da komo tsakanin murhu da taga. Sakamakon hunturu ya fito, Hiyam ta haye kashi na uku da na huɗu, na huɗun da sittin da ɗaya. Abu Salim ya aiko da galan na sabon man zaitun. Abu Nizar ya jawo kujera ya ce to yanzu dai a zauna.

Ta ce saura na biyar da bazara, ta tambaye shi inda ya ajiye batirin rakoda.