Digambar Waghmare da Ƙararrawa ta Uku

Shekara talatin da ɗaya, ƙarfe bakwai na safe Digambar Waghmare yake buɗe ƙofar baya ta tsohon zauren wasan kwaikwayo na unguwarsu a garin Sangli. Ya share dandamali. Idan ranar gasa ce ya fasa kwakwa a gaban labule bisa al'ada, ya daidaita agogonsa da na rediyo, sannan ya ɗauki ƙararrawar tagulla ya zauna kan kujerar ƙarfe a gefe, inda 'yan kallo ba sa ganinsa. Shi da matarsa Sulabha suna zaune a ɗaki ɗaya a bayan zauren, ɗakin da ke tafiya tare da aikin.

A gasar gajerun wasanni kowace ƙungiya tana da minti arba'in. Ƙararrawa ta farko mutane su shigo, ta biyu su zauna, ta uku a ɗaga labule. Daga ta uku dandamali ya zama na 'yan wasa, babu alƙali ko shugaban da zai taka shi sai lokaci ya cika. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, amma ba a taɓa karya shi ba.

Digambar ba ya sassauci. Vasant Kumbhar, ɗan wasan barkwanci, har yau yana ba da labarin wasansa na wanzamin da ya tsaya takara. Zaure ya kece da dariya, saura jimlar ƙarshe, sai ƙararrawar cikar lokaci.

"Haba Baba, magana ɗaya fa ta rage!"

"Riƙe abarka, ka gaya wa matarka a gida," in ji Digambar.

Duk da haka wurinsa 'yan wasa suke zuwa kafin su ji ta bakin alƙalai. Wata ƙungiya ta yi wasan ban tsoro, na manomin da ya faɗa rijiya yake dawowa yana roƙon 'ya'yansa ruwa. Da suka tambaye shi, ya ce: "A minti na sha biyu aka daina tari. A na talatin aka koma. Nan za ku gyara." Suka gyara.

Kai ne kunnen zauren nan, Baba Digambar. Ba ka taɓa rubuta sharhi ba, amma marubuta da yawa a garin nan daga bakinka suka koyi inda wasa yake mutuwa.

A gasar watan jiya akwai wasan Shalmali Pethe, ma'aikaciyar jinya. Labarin mata biyu ne da suka yi shekara talatin suna zaman masoya a gida ɗaya. Ɗaya ta mutu, dangi suka hana ɗayar shiga ɗakin da gawa take. An karɓi wasan, an sa shi ƙarfe sha ɗaya na safe. Da safiyar ranar wasu mutanen unguwa suka zo suka tsaya a ofis suna ƙorafi a kan wasan. Saura minti biyu, shugaban kwamitin zauren, Sarpotdar, ya shigo gefen dandamali.

"Digambar, dakata da ƙararrawar nan. Muna magana."

"Yallaɓai, an cire wasan ne?"

"Ban ce an cire ba. Na ce ka dakata."

Digambar ya san abin da ake nufi. Ƙungiyar da ba ta fara a kan lokacinta ba, dokar gasa ce take fitar da ita. Minti biyar na jira sun isa, kuma babu wanda za a ce ya hana komai.

"In an cire, a sanar wa mutane da baki. In ba a cire ba, lokacinsu ne."

"Dattijo, ka tuna ɗakin wa kake kwana a ciki."

Masu ɗaukar kayan dandamali uku suna tsaye, kuma maganarsu ɗaya ce: ya dubi agogo, bai dubi shugaba ba. Ƙarfe sha ɗaya daidai ya kaɗa ta uku.

Wasan ya yi minti talatin da takwas. Wasu sun fita. A minti na tara wani ya jefo takalmi. Babu wanda ya hau dandamali. Wasan bai ci kyauta ko ɗaya ba.

Bayan kwana huɗu takarda ta zo. An gode masa da doguwar hidima, an ce ya huta, an ba shi mako biyu ya bar ɗakin. Ranar da ake loda kayansu a mota Shalmali ta zo.

"Baba, ni na ja maka wannan."

"Ke kuma a wa? Sha ɗaya ce ta yi, 'yata."

Ta tambaye shi ko wasan ya yi masa. Ya daɗe yana ɗaure katifa kafin ya amsa.

"Irin zaman nan ban taso na san shi ba. Amma wadda aka bari a bakin ƙofa, ita kam na gane ta."

Yanzu yana garin Miraj a gidan surukinsa, shi da Sulabha suna kwana a falo. Shekararsa sittin da huɗu. Tun daga ranar, ƙungiyoyi biyu sun janye wasanninsu daga gasa ta gaba ba tare da kowa ya sa su ba.

Baba Digambar, kai ne ka tsaya a kan ƙaramin aikinka lokacin da manya suka nemi su laɓe a bayansa. Ba ka jira sai ka yarda da duk abin da ke cikin wasan ba kafin ka bar shi ya fito. Mun gode.

Sauran masu riƙe da ƙananan ayyuka a zaurukan nan, mai labule da mai fitila da mai tsaron ƙofa, su dubi abin da ya yi da abin da ya rasa, domin tasu ranar tana zuwa. Shalmali ta kai wasanta wata gasa a Kolhapur. An karɓa, an sa shi ranar Lahadi. Har yanzu ba a faɗi wanda zai riƙe ƙararrawa ba.