Harsashi Mai Taushin Hanci

Har yau ban sami amsar wannan ba: da Malam ya aike ni Kano, harsashin yake so da gaske, ko ya san kwanansa ya ƙare ne, bai so in zauna ina kallonsa yana tafiya? Malam maigidana ne, maharbi. Ban taɓa kiran sunansa yana raye ba, ba kuma zan fara yanzu ba. Ni ban san baƙi ba, maƙwabciyata Malama Binta ce ke rubutawa. Malama, in kin ga ina share ido, ki ci gaba da aikinki, haka nake in na tuna shi.

Shekarar babban fari ce, wadda aka canja kuɗi aka koma naira. Gero ya ƙone a tsaye, mu tara a gida, rumbu babu komai. Maharban yankinmu suka sa ranar Alhamis za su tafi dajin kudu neman gwanki, babban naman dajin nan mai kama da doki, a yi bandarsa a kawo gida. Malam yana da bindigar da wani Bature ya bar masa bayan ya yi masa jagora a daji, da lasinta, amma harsashi ya ƙare. Tari ya kama shi tun damina, duk da haka ya ce da shi za a tafi. Na sayar da akuyata ta ƙarshe, ya ce kuɗin zai sayi harsashi goma.

Ranar Lahadi da la'asar ya kira ni inuwar zaure, ƙanensa Tanko yana zaune.

"Hajo, ke za ki Kano."

Tanko ya yi dariya. "Yaya, matar tamu ko bakin bindiga ba ta sani ba."

"Kai da ka sani, me ka kawo bara? Ka sayo marasa nauyi don sun fi araha. Gwanki ya gudu da rauni, sai ungulu ne suka nuna mana inda ya faɗi."

Malam ya ce mini harsashi iri uku ke shiga bindigarsa. Akwai mara nauyi, na barewa da gada. Akwai mai nauyi mai hancin tagulla, na ɓauna, shi ratsa gwanki yake ya fice. Na tsakiya shi yake so, mai dalma a hanci, wanda ke kayar da dabba inda take, da sauran ranta, har mutum ya iso da wuƙa. Wasu malamai sun ce bisimillar harbi ta wadatar, amma Malam bai taɓa shigo da naman da bai yanka da ransa ba.

"Ki danna farce a hancinsa, in ya shiga dalma ce. Amma mara nauyin ma farce na shigarsa, sai ki auna a tafin hannu. Ke da kike gane mazari ya cika zare ba ki duba ba."

Ya sa mini lasin da kwanson harsashi guda a zabirarsa ta fata, na ɗaure a ƙugu.

Litinin, daga gida zuwa Kano

Na yi sallar asuba, na dama masa kunu, na fita gari bai waye ba. Tanko ya raka ni mil ukun da ke tsakaninmu da Tsanyawa a ƙasa, don jakinmu ba ya iya ɗaukar kowa. Muka sami a-kori-kura tana lodi. Direban, wani dogo mai agogo, ya karɓi sule huɗu, ya ce ƙarfe bakwai za mu tashi, Kano mil arba'in da ɗoriya. Bakwai da rabi muka tashi.

Dama da hagu gonaki ne manne da juna, ko'ina kara tsaye babu zangarniya. Muka shiga Bichi ƙarfe tara saura kwata. A bakin tasha na ga mutanen arewa da shanunsu, ƙashi da fata, suna neman mai saye ko nawa ne. Na sayi ƙuliƙulin kobo biyu na sha ruwa a kai.

Kafin Dawanau akwai shingen 'yan sanda. Suka leƙa buhuna, suka ɗaga mana hannu. Direba ya waiwayo.

"Inna, asibiti za ki ko gaisuwa?"

"Sayayya."

"A shekarar nan? To ki sayo mana ruwan sama."

Ƙarfe goma sha ɗaya ya sauke ni a Kurna, inda Asabe ƙanwar Malam take aure. Ta tare ni da wasa irin namu: "Matar Yaya, an gudo mana da yunwar ƙauye ke nan?" Ta ba ni tuwon jar dawar agaji da miyar kuka. Da na faɗa mata abin da ya kawo ni, ta ce kantin yana can wajen tashar jirgin ƙasa, sai da safe. Ta tambayi jikin yayanta, na ce da sauƙi. Haka na yi tsammani.

Talata, kantin bindiga

Ƙarfe takwas muka hau kiya-kiya ni da Asabe, kobo biyar kowa. Kantin dogo ne mai duhu, yana warin mai. Akawun ya dubi lasin, ya dube ni.

"Wannan hoton ba ke ba ce. Mai lasin shi ke zuwa."

"Mai lasin yana kwance. Ni ya aiko."

Ya turo mini takardar. Ban motsa ba, na ajiye zabirar a kan teburin kantin. Wani dattijo mai farin gemu ya fito daga ciki, shi ne mai kula da sito. Ya ɗauki zabirar ya juya ta.

"Wannan ta maharbin Tsanyawa ce. Shekara ashirin yana zuwa nan. Baiwar Allah, ke ce iyalinsa? Akawu, ba ta, ni zan sa hannu."

Akawu ya gwada kwanson, ya kawo kwali uku ya buɗe. Ya fara da mai hancin tagulla, ya ce shi ne sarkinsu, ko giwa ce ba ta tsayawa. Na danna farce, ya zame. Na ture shi gefe.

Sauran biyun ni dai a idona duk ɗaya ne, kuma farce ya shiga kowanne. Akawu ya nuna na hagu ya ce da kuɗina zan sami goma sha biyar, na dama kuwa goma kacal. Asabe ta taɓa ni.

"Matar Yaya, ki ɗauki sha biyar mana. Baki tara kika bari a gida."

Ba zan ɓoye ba, raina ya biya. Harbi biyar ba wasa ba ne a shekarar da ake dafa ganyen tafasa a kwana. Amma na tuna ungulun bara. Na ɗauki ɗaya a kowane hannu, na rufe ido, na musanya su, na sake musanyawa. Na kwalin dama ya fi zama a tafin hannu, kaɗan ne, kamar mazarin da ya kusa cika. Na ce, "Wannan. Goma."

Akawu ya ce, "Kin iya karanta lambar kwalin ne?"

"Ban iya ba."

Dattijon ya duba kwalin ya yi murmushi. "Shi yake saye kullum. Ki gaishe shi, ki ce Audu na sito yana tambayarsa."

Ban yarda a ba ni a rufe ba. Duk goman sai da na danna wa farce ɗaya bayan ɗaya, akawu yana tsaki. Muka fito ƙarfe goma sha ɗaya, muka tarar motar Tsanyawa ta riga ta tashi, wata kuma babu, ana wahalar mai. Na sake kwana a Kurna. Wannan kwanan shi ne ke ci mini rai har yanzu.

Laraba, komawa gida

Ƙarfe bakwai na sami dogon direban nan a tasha. Asabe ta ƙulla mini garin rogo mudu ɗaya da magani na tari. A shingen Dawanau wannan karon aka ce kowa ya sauka da kayansa. Ɗan sanda ya ga zabira a ƙuguna.

"Inna, me ke ciki? Goro?"

"Harsashi ne, goma."

Na miƙa masa lasin da takardar kanti. Ya karanta a hankali, ya ƙirga, ya mayar mini.

"Wa za ki harba?"

"Yunwa."

Ya yi dariya har ya dafa mota. "Allah Ya ba da sa'a. In an samu, a tuna da mu."

Daga nan har Bichi direba bai daina tsokanata ba, wai ashe sarauniyar maharba ya ɗauko, da ya sani da bai karɓi kuɗi ba. Amma bai mayar ba. Taya ta fashe bayan Bichi, muka yi awa biyu a gindin gawo. Ana kiran azahar na sauka Tsanyawa, na kama hanya a ƙasa, ban tsaya ko shan ruwa ba.

Na shiga gida na tarar an mayar da Malam ɗaki, Tanko yana yi masa fifita. Kwana biyu kawai, amma sai na ga kamar an rage shi. Na durƙusa na zazzage zabirar a kan tabarma. Ya ɗauki guda, ya kai kusa da idonsa, ya ga sawun farcena a dalmar. Ya ɗauki na biyu, ya ga wani. Ya auna a tafinsa. Ya yi mini magana, sannan ya miƙa wa Tanko, ya nuna bindigar da ke rataye. Bai ƙara cewa komai da ni ba, sai kalmar shahada da ya yi ta maimaitawa. Kafin asubar Alhamis Allah Ya karɓi abinsa.

Maharba suka ɗaga tafiyar har aka yi sadakar bakwai. Tanko ya tafi da bindigar. Bayan kwana goma sha biyu ya dawo da bandar gwanki biyu, da harsashi bakwai. Ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Matarmu, duk inda suke suka faɗi, kuma da hannuna na yanka." Naman nan da ramar da muke tsinkowa su suka kai mu ruwan farko. Mu takwas da muka rage babu wanda aka binne a wannan rani.

Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni na same shi da rai. Na gode wa Asabe, da Audu na sito, da dogon direban da ban san sunansa ba. Duk ina jin sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙan su. Kwana biyun da na yi a Kano kuwa, ban san ko Malam ya ƙwace mini su ba ne ko ya sauƙaƙa mini. In mun haɗu zan tambaye shi.

Malama, rubuta maganar tasa yadda ya faɗe ta, kada ki gyara. Yana riƙe da harsashin ya ce:

"Ban aiki banza ba. Tashi ki wanke ƙafarki, Hajo, kin sha hanya."