Fuskar Herminia a Takardar Peso Ɗaya

Yaran yanzu in sun wuce shagon gishirin da ke kusurwar dandali, ba su san banki suke wucewa ba. Ƙarafunan tagar nan ai ba don gishiri aka sa su ba. Bankin garinmu Altamora ke nan, namu na kanmu, wanda masu haƙar zinariya da masu alfadarai suka haɗa hannu suka kafa, har yana fitar da takardun kuɗinsa. Amma ni ba tarihin attajirai na zauna bayarwa ba, su suna da jikokin da za su yi musu ƙarya. Labarin Misiá Eduviges mai wainar masara zan bayar, wadda katanga ɗaya ta raba gidanmu da nata. Misiá lakabin girmamawa ne da muke kiran manyan mata da shi.

'Ya ɗaya tak Allah ya ba ta, Herminia, sa'ata kuma ƙawata. Tare muke zuwa rafi wankin zinariya. Shekarar da za a buɗe bankin aka kawo wani mai zane daga birnin Medellín ya nemo fuskar da za a sa a takardar peso ɗaya. Ya same mu a bakin ruwa, ya dube ni, ya dube ta. Ni hancina ne ya cuce ni, har gobe ban yafe wa mutumin nan ba. Ya zaunar da Herminia a kan dutse da akushin wanki a cinyarta, ya ce kada ta yi dariya. Ita kuwa dariya ba ta yi mata wuya, shi ya sa a zanen za ka ga ta ɗan cije leɓe.

A hanyar gida ta zungure ni ta ce, "Tránsito, daga yau in kina son ganina sai kin biya."

A ƙetaren teku ake buga takardun. Kafin jirgin ruwa ya kai zanen, ya dawo da akwatuna, alfadarai su hau da su kan duwatsunmu, shekara ta wuce har da ɗoriya. Herminia ba ta jira ba. Zazzaɓin damina ya ɗauke ta, muka binne ta a bayan coci.

Duk manyan bankin nan masu gemu da agogon aljihu, babu wanda ya yi tunanin ya je ya gaya wa uwar cewa akwatuna sun iso. Ran kasuwa Crisanto mai alfadarai ya ci wainarsa ya ƙoshi, ya zaro sabuwar takarda dal yana taƙama, ya miƙa mata. Ina tsaye a wurin. Ta karɓa ta duba. Wainar da ke kan kasko ta ƙone ƙurmus, ba ta juya ta ba.

"Misiá, canjina fa?" in ji shi.

Ta kwance bakin gyalenta, ta juye masa duk sulallan da ta yi ciniki ran nan, ta kashe wuta ta tafi gida.

Daga ranar, takardar peso ɗaya in ta shiga hannunta ba ta sake fita. Sulalla take ci, da su take sayen masara da itace. In kuwa ta ga ka ninke takarda ta kan fuskar, ka shiga uku.

"Kai Crisanto, ɗan banza, uwarka haka ake ninke ta?"

"Haba Misiá, kuɗi ne fa!"

"Kuɗi ne a wurinka. Ciro ta daga cikin hular nan mai warin jaki, kawo nan!"

Mutane suna dariya, amma dariyar ba ta kai ciki. Garinmu ƙarami ne, kowa ya san yarinyar, yawancinmu mun raka gawarta, ga ta kuma yanzu a aljihun kowa. Mahauci ya koma goge hannu kafin ya karɓe ta. Masu cacar zakaru sai sun canja ta da sulalla kafin su shiga fage. Ni kaina in mijina ya ajiye kuɗin cefane, kife su nake yi a kan tebur, don ba na iya cin abinci tana kallona.

Bankin yana da al'ada: duk takardar da ta tsufa ta koma tsumma, in ta dawo wurin ma'aji ba ta sake fita. Sau ɗaya a shekara ake tara su a dandali, gaban limamin coci da magajin gari, a cinna musu wuta. Misiá Eduviges ta tashi tsaye ta riga ma'ajin. Ko'ina ta ji labarin yagaggiyar takarda sai ta bi ta da sulallanta ta fanso, ta liƙe ta da kullun rogo, ta goge ta da dutsen guga, ta sa a adaka.

Wata rana da yamma, shekaru sun ja har na yi 'ya'ya, ta kira ni ta kan katanga. Na tarar ta jera takardun a kan gado, daga sababbi zuwa tsofaffi.

"Zo ki ga ƙawarki," ta ce. "Nan ranar rafi ce. Nan ta yi aure, kin ga ta ɗan yi duhu. Nan kuwa bayan haihuwa ta biyu ne, dubi ƙarƙashin idonta."

Na buɗe baki zan ce dauɗa ce da ninki, sai na ƙara dubawa. Gaskiyarta ce. Layukan da hannuwan mutane suka bari sun zauna daidai inda shekaru suke zama, a goshi da gefen baki. Wadda ta nuna ta ƙarshe, irin fuskar da nake gani ce a madubina.

Sai ga doka daga Bogotá, babban birnin ƙasa, wai daga yanzu gwamnati kaɗai za ta buga kuɗi. Bankinmu ya yi shela kowa ya kawo takardunsa a ba shi azurfa kafin bikin Ista, bayan nan kuwa sun zama takardar banza. Lokacin gwiwoyinta sun gaza, ba ta iya tsayuwa gaban kasko. Duk abin da ta tara a duniya yana cikin adakar nan. Ma'ajin da kansa, wanda muke kira Don Nepomuceno, ya zo gidanta, hula a hannu.

"Misiá, ki kawo su. Da me za ki ci abinci?"

"In na kawo ta, me za ku yi da ita?"

Ya sunkuyar da kai yana murza bakin hular. "Kin san al'ada, Misiá."

Duk azumin da ake yi kafin Ista muka kwashe muna faɗa da ita. Na ce takarda za ta dafa? Ta ce in bar mata gida. Na bar mata, na dawo da tuwon masara, don ta fara ramewa kuma na san babu ko ƙwaya a tukunyarta. Ranar ƙarshe da safe ta buga katanga.

"Zo ki kama mini, ba zan iya ɗaukarta ni kaɗai ba."

Muka kinkimi adakar zuwa banki. A gaban ma'aji ɗaya bayan ɗaya ta riƙa miƙa su, kowace sai ta shafa ta da babban yatsa. Layi ya yi tsawo a bayanmu, amma babu wanda ya yi ko tari. Da ta zo kan ta ƙarshe sai ta riƙe. Ita ce mafi muni a cikinsu, baƙa ƙirin, duk liƙi, da ƙyar ake gane idanun.

Don Nepomuceno ya jawo aljihun tebur. "In za ki ajiye ɗaya, ga sabuwa da ban taɓa sa wa hannu ba. Kyauta na ba ki. Dubi yadda ta fito fes."

Ta dubi sabuwar, ta tura masa abarsa.

"Wannan yarinyar na riga na binne ta, Don Nepomuceno. Wannan kuwa ta je Medellín, ta ga bakin teku, ta sha wahalar duniya har ta tsufa. Ita ce ta rayu. Da ita zan zauna."

Da tsakar rana aka ƙone sauran. Ba ta je dandali ba, amma hayaƙin ya biyo ta har tsakar gida, ta zauna a cikinsa ba ta motsa ba. Ni ce na yi kukan.

Azurfar ta riƙe ta sauran shekarunta, ba ta ƙare ba sai dab da rasuwarta. Da ciwon ajali ya kama ta, ta zaro takardar daga ƙirjinta ta nuna mini. Na miƙa hannu, sai ta janye.

"Ba kyauta ba, Tránsito. In kina son ganinta sai kin biya. Kawo peso ɗaya a saya mini kyandir."

Ban taɓa gaya wa kowa abin da Herminia ta ce mini a hanyar rafi ba, ko mijina. Na je gida na ɗauko peso na biya.

Takardar tana nan a wurina, kuma na daina kife ta. Yanzu na kamo ta a shekaru.