Yadda Sunan Bature Ya Shigo Gidanmu

Sunan da ke manne a ƙofar gidanmu a Villeurbanne, gefen Lyon a Faransa, ba na Hausa ba ne, ba na Larabci ba ne, ba ma na Faransanci ba. Sunan mutanen Ingila ne. Ba zan rubuta shi a nan ba, don masu shi ba su da yawa, duk wanda ya gan shi ya san gidan da ake nufi. Shi ne a fasfona, shi ne a takardun 'ya'yana, da shi kuma mahaifina ya koma ga Allah a Maraɗi ba tare da ya taɓa gaya mana inda ya samo shi ba.

Tun ina lakwal, wato makarantar boko, sunan nan yake sa ni dambe. Da mushe, malamin ajinmu, ya kira shi da safe sai in ji ana ƙus-ƙus a bayan aji, a fita hutu kuma a bi ni da "jikan Nasara". Mahaifina fari ne, dogo, mai hanci, wannan ya ƙara wa masu magana ƙarfin gwiwa. Babu wanda ya taɓa faɗa mini a fili, amma na san abin da ake nufi: wai kakata ta yi cikin wani Bature, kakana ya aure ta ya rufa mata asiri. A garinmu babu zagin da ya kai wannan. Mahaifina kuwa ba mutumin da ake yi wa tambaya ba ne, kallo ɗaya zai yi maka ka manta abin da ya kawo ka. Da ya rasu sai na ce da raina a bar kaza cikin gashinta, don garin tone-tone take tono wuƙar yanka ta.

Da na zo Faransa sunan ya daina cizona, har ya riƙa ba ni dariya. In na yi waya neman gidan haya, mai gida ya ji sunan, sai murya ta yi laushi, a ce in zo yau-yau. In na iso da hulata da jalabiyata sai a tsaya ana leƙen bayana, ana jiran Baturen ya ƙaraso. Haka na yi shekaru ina sana'ata ta tura tsofaffin firji da kayan mota zuwa gida, na yi aure, muka haihu, na ɗauka maganar ta mutu.

Ɗiyata ta fari ce ta tono ta, ita kuma da zuciya ɗaya. A jami'ar kimiyya ta nan unguwarmu take karatu, kuma irin yaran nan ce da ba su ganin abu su ƙyale. Wata ranar Lahadi muna cin shinkafa da wake ta ajiye cokali ta ce, rabi da Hausa rabi da Faransanci, "Baba, na binciko sunanmu." Ta ce asalinsa sunan wani ɗan ƙaramin ƙauye ne a Ingila. Mutanen can a da ba su da sunan dangi, kamar mu. Wani a kira shi da sana'arsa, wani da sunan ubansa, wani da garin da ya fito, yadda mu ma muke cewa wane Bagobiri ko wane ɗan Tasawa. A hankali laƙabin ya zauna, 'ya'ya suka gada, jikoki suka gada. Namu na masu sunan gari ne. Ta ce rubutunsa ma ya yi ta sauyawa gwargwadon hannun mai rubutawa, kuma yau masu shi sun yi ƙaranci ƙwarai, wasu sun watsu zuwa ƙasashen da Ingilishi suka yi ƙaura. Ta yi dariya ta ce in aka haɗa mu da 'ya'yan ƙannena na Maraɗi da Yamai, wa ya sani ko Hausawa sun fi Turawa riƙe shi yanzu.

Kowa ya yi dariya ban da ni. Da sunan na kowa da kowa ne, sai in ce an tsince shi a hanya. Amma sunan da masu shi ba su da yawa yana nuna mutum ɗaya ne, wanda ya taɓa zuwa kusa da gidanmu har ya bar mana shi. Na tashi na wanke hannu ban ƙoshi ba.

Ba a daɗe ba yarinyar ta kawo mana maganar wanda take so. Injiniya ne, haihuwar Lyon, iyayensa mutanen Damagaram. Yaro mai kunya, mai salla, ban ga abin ƙi a jikinsa ba. Muka ce ya turo magabatansa. Wanda ya zo baffansa ne, wani Alhaji mai fataucin atamfa da turare, kuma shagona ya same ni, ba gida ba. Daga nan na san akwai magana. Muka gaisa, muka sake gaisawa, ya tambayi gida da kasuwa da sanyi da mutanen Maraɗi, ya sha shayi, sannan ya gyara zama.

"Malam, ka yi mini afuwa," ya ce. "Aure ba a yin shi a duhu. Mun aika gida an tambaya, kowa ya yabe ku. Abu ɗaya tsofaffinmu suka tsaya a kai. Sun ce wannan suna na Nasara, ta ina ya shigo gidan Musulmi?"

Wallahi jinina ya hau. Na ji kamar in ɗauki butar shayin in nuna masa ƙofa da ita. Abin da ya hana ni shi ne na san da ɗana ne zai auro 'yar wani, ni ma sai na yi wannan tambayar. Na ce zan ba shi amsa. Ya ce ba gaggawa, amma za su dakata da kawo gaisuwa har su ji. Muka yi sallama ina murmushin yaƙe.

A gida yarinya ta ji labari daga bakin saurayin. Ba ta yi mini rashin kunya ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta dai daina fira, ta daina cin abincin kirki, in na shigo falo ta tashi ta shige ɗaki da jajayen idanu. Ina kallon auren ɗiyata zai lalace a kan tambayar da na yi shekaru ina gudu. Uwarta ce ta ce mini, "Ka je wurin Gwaggo. Ita kaɗai ta rage."

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce. Ta zo jinyar gwiwa ta zauna a wurin ɗanta a Sevran, bayan Paris, ta kuma ƙi komawa, wai likitocin nan sun fi sanin ƙafarta. Na hau jirgin ƙasa na safe daga Lyon. Ban ga komai a hanya ba, sai shirya yadda zan gaya wa ɗiyata in amsar ta zo da muni. A Paris na sauya jirgi zuwa Sevran, na hau benensu ina addu'a.

Na same ta a tabarma kusa da hita mai ɗumama ɗaki tana gyaran busasshen zogale. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Mi ya kawo ka tsakiyar mako, ɗan nan? Ko ka kashe wani?"

Na ce gaisuwa na zo. Ta ce mai gaisuwa ba ya zuwa da fuskar mai bin gawa. Na yi ta kewaye-kewaye, daga ciwon gwiwarta zuwa tsadar kaya, har ta gaji ta ce in faɗi ko in tashi in kama mata tsintar zogale. Na sunkuyar da kai na faɗa. Na gaya mata zuwan Alhaji, na gaya mata abin da yara suke kirana a lakwal, sannan na tambaye ta ko mahaifina ɗan kakana ne.

Ta ajiye zogalen. Sai ta fashe da dariya, ta yi ta yi har tari ya sarƙe ta, na tashi na ɗebo mata ruwa. Raina ya ɓaci, na ce Gwaggo ni ban ga abin dariya ba.

"Ai dole," ta ce. "Ku maza ba ku san komi na cikin gida ba. Wannan labari ko kajin gidanmu sun san shi. Zauna."

Ta ce kakana yana saurayi ya tafi Katsina cin rani, ya sami aikin awon gyaɗa a kantin wani Baturen Ingila. Baturen ya riƙe shi da kyau, har ciwo ya kama shi ya koma ƙasarsu. Kakana ya dawo Maraɗi da labarinsa a baki. Ko maganar farashin gero ake yi sai ya ce Baturenmu wane ya ce kaza, ko faɗa ake rabawa sai ya kawo abin da wane zai yi. Abokansa suka gaji suka liƙa masa sunan Baturen, har ya danne sunansa na yanka. Ya yi damina da dama yana noma kafin ya ga kakata ya nemi aurenta. Ita kuwa har ta mutu ba ta taɓa tsallaka iyaka ba, Baturen da ta fara gani kusa da kusa likita ne, tana da jikoki.

Na ce to farin mahaifina fa? Ta ce uwar kakata Bafillatana ce, in ina son ganin hancin in dubi nata.

Sai ta zo kan yadda sunan ya hau takarda. Shekarar da aka zo ɗibar yara zuwa lakwal, kakana ya yi tafiyar fatauci. Dole kakata ta ja hannun mahaifina ta kai shi da kanta. Mushe ya tambayi sunan yaro. Ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa, sai ta zunguri yaron ya faɗa da bakinsa. Mushe ya tambayi sunan uba. Nan ta daskare. Mace ta kama sunan mijinta a gaban maza, tsakiyar fili? Yaron kuma Baba kawai ya sani. Mushe baƙo ne daga kudu, bai san wannan kunyar tamu ba, ya ɗauka taurin kai ne, ya hau faɗa. Da ta ga ba mafita ta rufe baki da gefen zane ta faɗi laƙabin da ake kiransa da shi a waje, don shi ba sunansa ba ne, faɗinsa ba laifi. Mushe da ma ya yi karatu a wurin 'yan mishan, ya rubuta shi yadda Turawa suke rubutawa. Da kakana ya dawo ya je a gyara aka ce takardu sun riga sun tafi Yamai. Ya ce to, a bar shi, mutumin kirki ne mai sunan.

"Har ta tsufa abokan wasa da ƙawaye suna tsokanar ta da shi," in ji Gwaggo. "Babanka kuwa ba ya son a yi wa uwarsa dariya, shi ya sa ba ya tada zancen. Kai kuma ga ka da kunnuwan kakanka kamar faifai, kana tambayata ko jininsa ne."

Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Na ji wani nauyi da na saba da shi har na ɗauka jikina ne ya sauka. Na yi ta cewa Alhamdu lillahi, ita kuma tana cewa in goge fuska kar surukarta ta shigo ta ga ƙato yana kuka.

Ta ce in kira mata Alhajin. Na buga, na miƙa mata. Suka yi doguwar gaisuwa kamar sun san juna, sannan ta ba shi labarin tun daga Katsina. Da ta kai wurin mushe ta ce, "Alhaji, ku a Damagaram matanku suna kama sunan mazansu?" Ina jin dariyarsa ta cikin waya. Ya ce Hajiya, uwarsa har ta bar duniya bai taɓa jin sunan ubansa a bakinta ba, kuma da ita aka tsare haka da abin da za ta yi ke nan. Ya nemi sunan kakana na yanka don a ambace shi ranar ɗaurin aure, ta faɗa masa. Ya ce in shaida wa mutanen gida suna nan tafe ranar Asabar.

Tun a tasha na kira ɗiyata. Ta yi ihu a kunnena, ta ce za ta je ta gaya wa ƙawarta, ta kashe wayar ban gama magana ba. Ban ji haushi ba ko kaɗan. A jirgi na sayi burodi da shayi na cinye tas, na kuma yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba.

Na iso gida gab da magariba, na sami maiɗakina a kicin tana tuƙa tuwo. Na tsaya a bakin ƙofa na zayyana mata komai, har da kwaikwayon muryar Gwaggo. Ta ce, "Alhamdu lillahi," ta ci gaba da tuƙi. Abin ya ba ni haushi. Na ce ke wace irin mace ce, an wanke mijinki da uban mijinki, ko guɗa ba za ki yi ba?

Ta rage wuta ta juyo.

"Na yi murna saboda yarinyar nan," ta ce. "Amma ni ba abin da ya sauya mini. Lokacin da ka zo neman aurena babana ma ya yi bincike, ya ji abin da ake faɗa. Bai sami wanda zai ƙaryata masa ba. Ya kira ni ya gaya mini, ya ce in zaɓa. Na ce na ji, na gani, ina so."

Na ce, "Kina nufin duk shekarun nan kin ɗauka gaskiya ne?"

"Na ɗauka gaskiya ne mana. Miƙo mini marar can, tuwon zai kama."

Na miƙa mata. Na jawo kujera na zauna a nan kicin ɗin, ina kallonta tana kwashe tuwo.